Ranar da Na Hana Mu'awiyya Ɗaukar Buhun Babana

Masu karatu, ku gyara zama, yau kaina zan tona wa asiri. Wasunku sun ishe ni da saƙo wai na cika wanke kaina, kullum ni ce mai gaskiya a labarina. To ga ni yau da abin kunyar da na tafka da bakina, a gaban mahaifina, a gaban rabin mutanen garinmu Gazara. Jiya Alhamis abin ya faru, kuma har yanzu in na tuna sai in ji kamar in shige randa in rufe.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Khairunnisa, amma ba mai faɗar sunan a gidanmu, don na kakata ne, mahaifiyar Baba. Baba kan ce Uwata, sauran su ce Uwani. Ina aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Makarfi, in hau mashin da safe in dawo bayan la'asar. Babana, Malam Muhammadu Lawal, yana koyar da Alƙur'ani a zaurenmu, yana kuma noman masara da rake a bayan gari. Mutum ne da in ka kawo masa magana da bazara, amsarka kan iya zuwa bayan an girbe.

Shi kuma wanda ya hana zuciyata sakat sunansa Mu'awiyya, ɗan Kudan, mai walda. Bara ya shigo sashenmu a karkace, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ƙato guda yana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai.

Na ce, "Mota ce ta buge ka?"

Ya ce, "A'a, ƙarfe na ɗaga."

"Wa ya aike ka?"

Ya sosa ƙeya, ya ce, "Gaskiya ba kowa."

A nan na fara jin wai akwai gasar ɗaga ƙarfe, kuma manyan mutane masu hankalinsu ke shiga. Ɗagawa uku ake yi. Ta farko a ɗora maka sandar ƙarfe a kafaɗa, ka tsuguna ka miƙe. Ta biyu ka kwanta rigingine a benci ka tura ta sama. Ta uku ka ɗauko ta daga ƙasa ka tsaya cak. Sai a haɗa nauyin ukun, wanda ya fi shi ya ci. Saura kwana shida a yi gasar bara bayansa ya riƙe, yana ji yana gani aka tafi Kaduna ba shi. Wata biyu yana zuwa gashi. Da bayan ya warke sai ya ci gaba da zuwa, wai yana jin kamar ciwon zai dawo. Na ce masa in ciwon gaske ne ga layi can, in kuma wani ciwon ne, gidanmu yana da zaure.

Kawunsa ya zo ya nemi izini wurin Baba a turo magabata. Baba ya ce, "Zan duba." Wata huɗu ke nan Baba yana dubawa. Ba ya hana shi zuwa zance ranar Juma'a, ba ya kuma cewa komai. Wannan shirun ne yake cin raina, don na san Baba, in bai gamsu da mutum ba, ba faɗa zai yi ba, zai bar maganar ta bushe da kanta ne.

Ƙanwar Baba kuwa, Gwaggo Zulai, ita ba ta san shiru ba. Kullum ta shigo gidanmu sai ta ce, "Uwani, ina mai ɗaukar ƙarfen naki? Ni fa har yau ban gane ba. Ya ɗauka ya kai ina?"

In ce, "Ba ya kai shi ko'ina, Gwaggo, ajiyewa yake yi."

"A inda ya ɗauka?"

"E."

Sai ta tafa hannu ta ce, "Allah ya shirya mana zamani."

To ga inda na sa kaina a ciki. Saura mako goma sha biyu gasar bana, wata Juma'a da yamma Mu'awiyya ya zo zance sanye da shadda ruwan ƙasa da ta ɗame shi a kafaɗa, don telan Kudan har yau bai yarda da awon da yake gani ba. Muna gama gaisawa ya zaro takardu biyu daga aljihu ya shimfiɗa a kan tabarma.

Ya ce, "Likita, zaɓi na kawo miki." Haka yake kirana, alhali na gaya masa sau ɗari ni ba likita ba ce.

Takarda ta farko ta Tanko ce, abokinsa ɗan Ikara wanda ya fara jawo shi cikin harkar. Tsarin Tanko ba shi da wuyar ganewa. Kwana shida a mako, kullum nauyi, kullum ɗagawa ukun nan duka, ranar Juma'a kuma a gwada iyakar ƙarfi a ga ko an ƙaru. Hutu ranar Lahadi, shi ma in mutum ya ga dama.

Ta biyu wani koci ne a Kaduna ya turo masa ta waya, shi kuma ya kwafe. Kwana huɗu a mako. A fara da nauyin da bai kai ƙarfinka ba, a riƙa ƙara kilo biyu da rabi, biyar, a hankali. Duk mako na huɗu a rage nauyin kusan rabi, jiki ya huta ya gyara kansa. Ba gwada iyaka sai sau ɗaya, a mako na tara. Kwana goman ƙarshe kuwa kusan zaman banza ne, ɗan motsi kaɗan, barci, abinci.

Na ce, "Kai wanne kake so?"

"Na Tanko yana sa mutum ya ji ya yi aiki."

"Wanne ka bi bara?"

Ya kalli rufin zaure kamar yau ya fara ganin azara.

Na ce, "Malam Mu'awiyya, tambaya na yi."

"Na Tanko."

"Wanne ne ya kawo ka wurina a karkace?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ai shi ya sa nake ganin yana da albarka."

Na kusa yin dariya, na dake. Na ce masa abin da muke gaya wa marasa lafiya kullum, cewa tsoka ba a wurin ɗagawa take ƙaruwa ba, a wurin ɗagawa gajiya take yi, sai an ci an yi barci take ginuwa. Shi ga walda duk yini a sunkuye, ga ƙarfe kwana shida, yaushe bayan zai samu sarari? Na ture takardar Tanko gefe na ɗauki ta biyu. Rubutunsa kamar kaji sun yi tsere, don haka na shiga gida na sake kwafe ta da hannuna, mako-mako, na ƙara awannin barci da abin da zai ci. A ƙasa na rubuta: kwana goman ƙarshe ba ɗaukar komai mai nauyi, ko a shago, ko a gida, ko a hanya.

Na ce, "Sai ka yi mini alƙawari. In za ka bi, ka bi duka. In za ka tsinci wanda ya yi maka daɗi ka bar sauran, mayar mini da takardata."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na yi alƙawari."

Daga ranar hirarmu ta waya ta koma ta asibiti. Sauran 'yan mata suna tashi da saƙon zuma da madara, ni ga abin da nake tashi da shi bayan asuba:

"Barci: awa bakwai da rabi. Ciwon baya: biyu cikin goma. Ci: ƙwai uku, wake, nono kofi biyu. Kewar Likita: goma cikin goma."

In rubuta masa, "Ban tambayi na ƙarshen ba."

Ya dawo da, "Rahoto ba ya cika sai da shi."

Kullum haka. Barcin ya sauka zuwa awa shida in yi faɗa, bayan ya hau zuwa huɗu in sa ya rage nauyi, amma na ƙarshen nan bai taɓa motsawa daga goma ba. Ba zan ɓoye muku ba, ranar da saƙon ya makara har ƙarfe bakwai, ban iya karyawa ba.

Da mako na huɗu ya zo, makon rage nauyi, sai ƙorafi ya tashi. "Likita, yau abin da na ɗaga ko Gwaggo Zulai za ta ɗaga." "Likita, Tanko ya ce wannan tsarin amare ne." "Likita, ina jin ƙarfina yana zubewa." Na ce masa ya gaida Tanko, ya kuma tambaye shi gwiwarsa da yake ɗaurewa da bandeji tun azumi. A mako na tara ya turo mini bidiyo daga bayan shagonsa, inda ya ƙera wa kansa wurin atisaye da ragowar ƙarafa. Kilo ɗari biyu da arba'in ya ɗauko daga ƙasa, ya tsaya cak, ya ajiye, ya juyo yana dariya kamar yaro. Bara ɗari biyu da ashirin ne suka kwantar da shi. Washegari rahoto ya ce baya ɗaya cikin goma. Bidiyon nan na kalle shi sau goma sha ɗaya, don aikina ne in duba yadda yake riƙe bayansa, kada wani ya yi mini wata fassara.

Komai na tafiya daidai har Litinin ɗin nan da ta wuce. Gasa ranar Asabar, gobe ke nan. Muna tsakiyar kwana goman zaman banza. Na dawo daga aiki ina cire hijabi, sai ga Gwaggo Zulai ta faɗo ɗakina ko sallama ba ta ƙarasa ba, bakinta har kunne.

"Uwani, albishirinki. Yaya Malam ya yi magana."

Na ajiye hijabin. Na ce, "Me ya ce?"

"Ya gaya wa Innarki, Innarki ta gaya mini, ni kuma ga ni. Ranar Alhamis injin casar masara zai zo. Ya ce a gaya wa yaron nan na Kudan, in yana da sarari ya leƙo."

Ku da kuke birni ba lallai ku gane nauyin wannan magana ba. A wurinmu mai neman aure yakan zo aikin gonar gidan su yarinya da abokansa, a ga hannunsa, a ga ladabinsa. Ba a rubuta ba, ba a kuma tilasta wa kowa, amma kowa ya sani. Baba da kansa kwana uku ya yi yana ɗaukar dammunan dawa a Paki kafin a ba shi Inna, har yau in ta so tsokanarsa sai ta tuna masa ranar da dami ya kayar da shi a kwalbati. Mijin yayata Mukarrama ma ya yi. In Baba ya ce ka leƙo, to dubawar da ya yi wata huɗu yana yi ta zo ƙarshe, ranar zai yanke.

Gwaggo ta ce, "Na riga na gaya wa mutane su zo su ga ikon Allah. Buhu arba'in da wani abu ne, na ce musu shi kaɗai ma ya isa, sauran su zo da kujeru."

Tana fita na zube a bakin gado. Buhun masara kilo ɗari ne. Ɗaya ba komai ba ne a wurinsa. Amma buhu ba shi da mariƙa irin ta ƙarfe, a sunkuye ake cicciɓarsa, a murɗa ƙugu a jefa a mota. A yi haka sau arba'in, saura kwana biyu gasa, da bayan da ya taɓa riƙewa. Ko bai ji ciwo ba, ranar Asabar hannuwansa da ƙugunsa sun zama na aro. Mako goma sha biyu sun tafi a banza, shekara biyu a jere.

Na rubuta masa. Minti ɗaya bai cika ba ya kira.

Ya ce, "Likita, zan zo in ɗauka. Gasa akwai wata baɗi."

Na ce, "Haka ka ce bara."

"Bara ba Malam a ciki."

"Ka yi mini alƙawari."

Sai ya ce, "To ki gaya wa Malam halin da ake ciki mana. Ko ki gaya wa Inna ta gaya masa."

Masu karatu, ga kuskurena, ku rubuta shi da manyan baƙaƙe. Abin da ya faɗa shi ne daidai. Amma ta yaya zan buɗe baki in ce wa Inna na san awa nawa saurayina yake barci, na san yadda bayansa yake kwana? Sau biyu na je ƙofar ɗakinta na dawo. A karo na uku na shiga, ta ce lafiya, na ce gishiri na zo nema. A ɗakin kwana.

Sai na ƙirƙiro dabara, irin dabarar da kan yi kyau a cikin kai. Na rubuta masa, "Ka zo da su Tanko su yi ɗauka. Kai ka nemi aiki marar nauyi, ka kama ɗinkin bakin buhu. Ba wanda zai lura."

Ya dawo da, "Likita, kin taɓa ganina kuwa? Ni ne ba za a lura da ni ba?"

Na ce, "Alƙawari."

Ya ce, "To."

Alhamis ba karatu a zaure, ni ma na nemi hutun yini. Tun hantsi injin ya iso fagen da ke bayan gidanmu, yana ruri yana tofar da totuwa. Ƙarfe tara sai ga su a kan mashina biyu, Mu'awiyya da Tanko da wasu abokai biyu. Ya sa tsohuwar riga mai gajeren hannu da wandon aiki, wato duk abin da shadda take rufawa yau yana waje. Suka durƙusa suka gaida Baba, wanda ke zaune a kan buzu a gindin ɗorawa da carbinsa. Ni ina leƙe ta katangar zana, na sa atamfata shuɗiya mai ganye da hijabi ruwan toka, wai don in an aike ni da fura kada a same ni a hargitse.

Mutane kuwa sun amsa gayyatar Gwaggo. Har da waɗanda rabonsu da gonarmu tun ina goye.

Aka fara cika buhuna. Tanko ya tuɓe hula ya shiga ɗauka, yana yi yana waige a ga dai shi ne. Shi kuma gwanin nawa ya je ya ɗauki basilla da zare, ya raɓa ya zauna a tsakiyar tsofaffi biyu masu ɗinkin baki, Malam Inuwa da wani, ya sunkuyar da kai.

Da farko an ɗauka shiri yake yi. Da aka ga buhu na biyar ya wuce yana nan zaune, sai maganganu suka fara tashi.

"Wai wannan ne mai ɗaga motar?"

"Ku bar shi, tela aka kawo mana daga Kudan."

"Ƙila sai an kunna masa kiɗa."

Gwaggo Zulai ta zagayo inda nake, ta kama haɓa. "Uwani, kin kashe ni. Na tara jama'a su ga zaki, ga shi can yana zare allura. Ko dai iska ce a cikin damatsan nan?"

Na ce, "Gwaggo, ɗinkin ma aiki ne."

"Aikin Malam Inuwa ne, shi kuma shekararsa saba'in da huɗu."

Awa uku ana haka. Ina hango shi, gumi na zuba ta bayan kunnensa, ba na aiki ba, na kunya. Ya soke yatsansa da basilla ya fi sau uku. Ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya mayar wa kowa magana ba. Baba kuwa carbinsa kawai yake ja, fuskarsa ba ta ce komai ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Tausayin Mu'awiyya ya kama ni har idona ya cika. Ni na zaunar da shi a wurin, ni na jawo masa, kuma ina kallon aurena yana zamewa saboda takardar da na rubuta da hannuna.

Wajen sha biyu Inna ta ce mu kai fura. Na ɗauko ƙwarya, Gwaggo na gaba da ludaya. Daidai lokacin su Tanko sun bi a-kori-kura zuwa rumbu da lodin farko, fagen ya rage ba matasa. Ga wani cikakken buhu ya kwanta a bakin injin ya tare hanya, mai injin yana ta ɗaga hannu a janye. Sai na ga Baba ya ajiye carbi. Ya miƙe, ya naɗe hannun rigarsa, ya taka a hankali ya je ya kama kunnen buhun, shi da shekara sittin da biyar.

Mu'awiyya ya yar da basilla. Tsalle ɗaya ya yi sai ga shi a gaban buhun, ya sunkuya, ya zura hannuwa ƙarƙashi.

Na san in ya ɗaga wannan, shi ke nan, sauran talatin ma nasa ne, ba mai sake barinsa ya zauna. Injin yana ruri, don haka na tattara duk muryar da Allah ya ba ni don ta tsallake ƙarar. Ban san mai injin ya kai hannu zai kashe ba.

"MU'AWIYYA! WALLAHI IN KA TAƁA BUHUN NAN!"

Ɗif. Ba inji, ba tari, ko kaza ba ta yi motsi ba. Muryata kaɗai ta tafi har bakin rafi ta dawo. Na kira sunan saurayi gatsau, na haɗa da rantsuwa, a gaban ubana, da ƙwaryar fura a hannu.

Gwaggo ta ce, "La'ilaha illallahu."

Mu'awiyya ya daskare a sunkuye, bai ɗaga ba, bai saki ba. Baba ya saki kunnen buhun, ya juyo, ya dube ni ta saman ido.

"Uwata, zo nan."

Na taka zuwa gabansa. Na ajiye ƙwaryar na durƙusa, na ja hijabi har hanci.

"In ya taɓa, sai me?"

Na ƙura wa ƙwaryar ido.

"Da kika yi shelar ba ki ji nauyi ba. Ƙarasa mana."

Haka na fara, ina kallon ƙasa. Na faɗi gasar jibi, na faɗi ciwon bara, na faɗi tsari biyun da aka kawo da wanda na zaɓa, da dalilin da ya sa jiki yake buƙatar a sassauta masa kafin ranar da za a nemi iyakarsa. Na ce ni na sa shi ya yi alƙawari, ni na ce ya kama ɗinki, laifin duk nawa ne.

Baba ya ce, "Ina tsarin?"

Mu'awiyya, wanda shi ma ya riga ya durƙusa, ya laluba aljihu ya zaro takardar, ta yi laushi don naɗewa, duk tabon man inji. Ya miƙa da hannu biyu. Baba ya ciro tabarau ya saka, ya koma kan buzunsa, ya karanta ta tun daga mako na ɗaya, a tsanake, kamar ba mutum hamsin ne suke tsaye suna jira ba.

Ya ce, "Wannan rubutun Uwata ne."

Na ce, "E, Baba."

"Nan da aka ce a rage rabi duk mako na huɗu, ba ya mayar da mutum baya?"

Mu'awiyya ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ma haka na zata. Sai na ga bayan kowane hutu na fi ƙarfi."

Baba ya gyaɗa kai. Ya juya wurin tsohon da ke gefensa ya ce, "Malam Inuwa, ka tuna in zan kai ɗalibi musabaƙa Zariya? Kwana goma kafin ranar ba na ƙara masa ko aya ɗaya. Tilawa kaɗan, barci da wuri, ba ruwan sanyi. Masu cusa wa yaro karatu har ranar tafiya, a gaban alƙalai muryar take shaƙewa."

Malam Inuwa ya ce, "Haka ne, Malam."

Baba ya cire tabarau ya dubi Mu'awiyya. "Tun safe nake kallonka. An yi maka dariya awa uku ba ka tashi ba, ban san dalili ba, amma na ga akwai abin da ya zaunar da kai. Shi ya sa na je na kama buhun, in ga ko akwai abin da zai tashe ka."

Sannan ya juyo kaina. "Ke kuma, abin da ban gane ba, me ya hana a gaya mini tun Litinin?"

Na ce, "Kunya, Baba."

"Kunyar ce ta sa kika tara mini gari da ihu?"

Wurin ya fashe da dariya. Gwaggo har da riƙe ciki, ta manta ita ta tara garin. Ni kuwa hawaye ne suke zuba a cikin hijabi, na kunya da na wani abu da ban iya ba shi suna ba a lokacin.

Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ninke takardar yadda ya same ta.

"Ka je ka yi gasarka, Allah ya ba da sa'a. Ranar Lahadi ka turo magabatanka." Ya nuna fagen da hannu. "Amma ban yafe buhuna ba. A ware masa goma a bar su nan. Litinin ka zo ka kai mini su rumbu da kanka."

Jama'a suka ɗauki kabbara. Wata huɗu ina jiran wannan magana, ga ta ta fito. Duk mai hankali a nan zai ja bakinsa ya yi godiya ya tashi. Na rantse muku na yi niyyar haka. Sai kawai na ji wata murya ƙasa-ƙasa tana fita daga cikin hijabina.

"Baba... bayan gasa ma akwai hutun mako guda."

Gwaggo ta ɗora hannu biyu a ka. Baba ya tsaya yana kallona. Ya sake warware takardar, ya mayar da tabarau, ya juya bayanta. Yana nan kuwa a rubuce, da jan biro, har na ja masa layi biyu.

Ya daɗe yana kallon layin, gemunsa yana ɗan motsi, na san dariya yake dannewa. Sannan ya miƙa wa Mu'awiyya takardar.

"To, ɗan Kudan. Ka dai gani da idonka, ka ji da kunnenka, ba a ɓoye maka komai ba. Har yanzu kana so?"

Mu'awiyya bai ɗago ba. Kansa a ƙasa, yatsansa na ɗigar jinin basilla, ya ce:

"Goma cikin goma, Allah gafarta Malam."

Mutane suka yi dariya, sun ɗauka irin maganar 'yan wasa ce. Ni kaɗai a fagen nan na san daga inda ta fito, kuma ni da nake cewa kullum ban tambaya ba, jiya da aka tambaya a madadina, kuka na fashe da shi a gaban kowa.